Sallamar ma'aikata ba za ta ceci Nissan ba

A watan Agustan 2025 aka ƙera GT-R ta ƙarshe a masana'antar Nissan da ke Tochigi a ƙasar Japan. Masu sha'awar motocin gudu sun yi ta alhini, suna yabon motar da ta shekara 18 a kasuwa ba ta ji kunya ba. Ta cancanci yabon. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne: motar da ta fi kowace ɗaga sunan kamfanin ta sauka, kuma babu magajiya a ƙasa. Tun 2007 take nan, bana a sauya mata fitila, baɗi a ƙara wa inji ƙarfi, a ƙara farashi, har dokokin ƙara da na kare lafiyar fasinja suka fara rufe mata ƙofa a Turai da Ostareliya.

Da GT-R ce kaɗai, da sai a ce ai mota ce ta 'yan tsiraru masu kuɗin wasa. To ba ita kaɗai ba ce. A-kori-kurar Frontier da ake sayarwa a Amurka ta fito a ƙarshen 2004, ba a sake mata gangar jiki ba sai 2021. Patrol ɗin da manyan mutane ke hawa daga Dubai har Abuja ta zauna yadda take daga 2010 zuwa 2024. Babbar motar iyali ta Elgrand ta shekara 15 a kasuwar Japan tun daga 2010 ba a sake mata gangar jiki ba, alhali kishiyarta Alphard ta Toyota an sabunta ta a 2015, an kuma sake sabunta ta a 2023. Infiniti Q50, motar alfarma ta Nissan wadda aka fito da ita a 2013 don ta kara da motocin Jamus, haka ta tsufa har aka daina ƙera ta ba tare da an maye gurbinta ba. A sana'ar ƙera motoci, bayan shekara biyar ko shida ake sa ran ganin sabon samfuri. Nissan ya mayar da shekara goma ba komai ba.

Ra'ayina a kan makomar wannan kamfani shi ne: sunan Nissan ba zai ɓace ba, amma Nissan mai cin gashin kansa, mai ƙera kowane irin mota don kowace kasuwa a duniya, ya riga ya ƙare. Abin da ya rage wa shugabanninsa shi ne su amince da haka tun suna da abin ɗorawa a teburin ciniki. Maganin da suke sha yanzu, wato rufe masana'antu da sallamar ma'aikata, yana tsayar da jini ne kawai. Ciwon kuwa yana filin dillalai, inda motocin suke jere mai saye yana wuce su.

Ga yadda lissafin yake. A shekarar kuɗi ta 2017 Nissan ya sayar da motoci miliyan 5.77. A wadda ta ƙare a watan Maris 2025, miliyan 3.35 ya sayar, ya kuma tafka asarar yen biliyan 670.9, kimanin dala biliyan 4.5. A Amurka ya sauko daga kusan miliyan 1.6 a 2017 zuwa kimanin 924,000 a 2024. A ƙasar Sin abin ya fi muni: daga sama da miliyan 1.5 a 2018 zuwa ƙasa da 700,000 a 2024. A wannan shekarar ta 2024, BYD na ƙasar Sin, wanda da batir ya fara sana'a, ya sayar da motoci miliyan 4.27, ya bar Nissan a baya.

Mutane da yawa suna ganin tsohuwar mota ai ita ce mai riba, tunda an daɗe da mayar da kuɗin zana ta da na injinan ƙera ta. Na ɗan lokaci haka ne. Amma ka tsaya ka dubi abin da ke faruwa a filin dillali. Magidanci ya shigo da matarsa, sun riga sun leƙa Toyota da Hyundai a ƙetaren titi. Ya buɗe ƙofa ya zauna, ya ga allon gaban direba ƙarami ne, wayarsa ba ta haɗuwa da shi yadda ta haɗu da na waccan, ya duba takardar da ke manne a gilashi ya ga wannan ta fi shan mai. Ya fito ya rufe ƙofa. Dillali ba shi da abin da zai riƙe shi da shi sai ragi. A rage dala dubu biyu, a rage dubu uku, a ba shi bashi ba ruwa. Motar ta fita, amma ribar ta tsaya a bakin ƙofa. Waɗanda suka ƙi fita kuma, sai a tattara su a sayar wa kamfanonin hayar motoci a kan farashin sari. Bayan shekara ɗaya ko biyu kamfanonin hayar su zubo su kasuwar na-hannu da yawa, farashi ya karye. Wanda ya sayi tasa sabuwa da guminsa, in ya tashi sayarwa sai ya tarar ta zube, ya rantse ba zai ƙara ba. Riba ta ragu, kuɗin ƙirƙiro sabuwar mota ya ragu, motocin suka ƙara tsufa, ragi ya ƙaru. Haka abin ke zagayawa.

Nissan da kansa ya jefa kansa cikin wannan zagaye. A 2011 Carlos Ghosn, shugaban kamfanin a lokacin, ya fito da shirin da ya kira Power 88, wanda burinsa shi ne kamfanin ya mallaki kashi 8 cikin 100 na kasuwar motoci ta duniya, a Amurka kuma kashi 10. Aka ɗora wa dillalai adadin da za su sayar kowane wata, wanda ya cika a ba shi lada mai tsoka, wanda ya gaza ya tashi a tutar babu. Sai ka ga dillali a ƙarshen wata yana sayar da mota a kan faɗuwa don kawai ya cika adadi. Kuɗin da ya kamata ya tafi wajen sabunta motocin da ke ciyar da kamfanin aka kwashe shi zuwa gina masana'antu a ƙasashe masu tasowa da farfaɗo da sunan Datsun a 2013, wanda aka sake binnewa a 2022. Tamkar manomi ne da ya cinye irin shukarsa don a ga rumbun girkinsa bai taɓa yankewa ba. Ranar da damina ta faɗi ake gane abin da ya yi.

Ba ina cewa Ghosn bai yi wa Nissan komai ba. Shi ya tsamo shi daga rami a 1999, lokacin da bashi ya kai masa iya wuya, Renault na Faransa ya zuba kimanin dala biliyan 5.4 ya karɓi kashi 36.8 na hannun jari. Abin da kowa ke tunawa daga wancan lokaci shi ne yankan: ma'aikata 21,000, masana'antu biyar, har da ta Murayama mai tarihi. Daga asarar yen biliyan 684 aka koma ribar biliyan 331 cikin shekara guda. Abin da ake mantawa shi ne, cikin wannan shiri akwai alkawarin sababbin motoci 22 a shekara uku, kuma an cika. X-Trail, sabuwar Altima, 350Z, Murano, Infiniti G35, daga baya Qashqai wadda ta buɗe sabon babi a kasuwar Turai ta kuma raya masana'antar Sunderland a Ingila. Waɗannan motoci su suka ceci Nissan. Yankan ya sayo lokaci ne, kuɗin Renault kuma ya biya kuɗin aikin. Yau ana maimaita yankan, amma babu mai kuɗin da ya tsaya a baya. Renault kansa janye jiki yake yi tun yarjejeniyar 2023, wadda ta rage ƙarfin ƙuri'arsa zuwa kashi 15.

Daga ranar 19 ga Nuwamba 2018, da aka kama Ghosn a filin jirgin Haneda bisa zargin ɓoye yawan albashinsa, zargin da har gobe yake musantawa, gidan ya rikice. Magajinsa Hiroto Saikawa ya sauka a Satumban 2019 kan batun kuɗin da aka biya shi fiye da ƙa'ida. A Disamban shekarar Ghosn ya tsere cikin akwatin kayan kiɗa, ta Turkiyya zuwa Labanan. Makoto Uchida ya hau kujera a watan nan, kafin wata ya ƙare ɗaya daga cikin manyan mataimakansa biyu, Jun Seki, ya ajiye aiki, ɗayan kuma, Ashwani Gupta, ya bar kamfanin a 2023 cikin rigima. Shekarun da Toyota da Hyundai da kamfanonin Sin suke zana motocin da muke gani yau, manyan Nissan suna hedkwatarsu a Yokohama suna hararar juna.

A nan ne abin ya fi ba ni takaici, don Nissan ba jahilin kamfani ba ne. Shi ya riga kowa fito da motar lantarki ta talaka da mai matsakaicin hali, wato Leaf, a Disamban 2010, tun Tesla yana sayar da 'yan motocin wasa ɗai-ɗai. Shekaru da dama Leaf ce motar lantarkin da aka fi saye a duniya. Sai aka bar ta da batir marar tsarin sanyaya na ruwa, wanda zafi ke rage wa kwana, da kan caji irin na Japan wanda Turai da Amurka suka juya wa baya. Ariya, wadda ta biyo bayanta, ba ta iso hannun masu saye ba sai 2022, kasuwa ta riga ta cika.

Haka kuma batun motocin fetur-da-batir. Nissan yana da tasa fasahar mai suna e-Power tun 2016: injin fetur ba ya juya taya, aikinsa kawai ya ba da wuta, na'urar lantarki ce ke tafiyar da motar. A cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, tana da tsimin mai ƙwarai, har ta sa ƙaramar motar Note ta zo ta ɗaya a Japan a 2018 in ka cire 'yan mitsi-mitsin motocin ƙasar. Amma a doguwar hanya da gudu tsiminta yana raguwa, Amurkawa kuwa mutanen doguwar hanya ne, sai kamfanin bai kai musu ita ba. Rogue mai fetur-da-batir da yake da ita ma ya daina ta wajen 2019. Da Amurkawa suka ja baya daga motar lantarki zalla suka raja'a a kan fetur-da-batir, Toyota yana da su a kusan kowane samfuri, har Camry ya mayar da ita haka gaba ɗaya. Honda yana da CR-V da Accord. A lokacin Nissan ko ɗaya ba shi da ita a babbar kasuwarsa. Uchida da bakinsa ya amsa a Nuwamban 2024 cewa ba su hango wannan ba, a ranar da ya sanar da sallamar mutum 9,000.

Mu nan ba baƙin Nissan ba ne, kuma hukuncin da kasuwarmu ta yanke masa ya riga na jaridun Tokyo. Manyanmu suna tuna Datsun da alheri, Sunny ta yi aikin tasi, Urvan ta yi jigilar fasinja har ta gaji. Amma yau ka je wajen dillalan 'yan Kwatano a Kano ko Kaduna ka nuna Murano ko Altima ko Rogue, abin da za a fara tambaya shi ne lafiyar giya. Giyar CVT da reshensa Jatco ke ƙerawa ba ta da haƙoran da ke shiga juna kamar wadda kanikawa suka saba da ita. Bel ne na ƙarfe ke zagaya tsakanin faya-fayai biyu masu buɗewa da matsewa. Tana rage shan mai, amma ba ta son zafi, ba ta son a zuba mata man da ba nata ba, in kuma ta tafi galibi sai dai a nemo wata ɗungurungum a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Wannan ba ƙorafin ƙasashe masu zafi kaɗai ba ne. A Amurka sai da kamfanin ya tsawaita garantin giyar motocin 2003 zuwa 2010 ya kai shekara goma ko mil 120,000, daga baya kuma ya sasanta ƙararrakin haɗin gwiwa da masu motoci suka shigar a kansa. Mai sayen na-hannu a Kano da mai sayen sabuwa a Texas tambaya ɗaya suke yi: in na tashi sayarwa, nawa za ta dawo mini da shi? Toyota ya ci wannan tambaya, Nissan ya faɗi.

Tsufan mota kuma ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba. A-kori-kurar NP300 Hardbody, wadda aka ƙera a Rosslyn ta Afirka ta Kudu ana sayar wa Afirka a matsayin sabuwa fil, ƙirar ƙarshen shekarun 1990 ce. A 2018 ƙungiyar Global NCAP mai gwajin haɗari ta buga ta da bango, ta samu sifiri wajen kare manya. A 2020 suka haɗa ta gaba da gaba da Navara ta na-hannu, ƙirar 2015, irin wadda kamfanin ke sayar wa Turawa. Ɗakin direban Hardbody ya lotse, sitiyari ya yo ciki, masu gwajin suka ce da mutum ne a ciki da wuya ya rayu, na cikin Navara kuwa mai yiwuwa da ƙafarsa zai fito. Kamfani ɗaya, tambari ɗaya. A Meziko ma haka aka yi ta sayar da Tsuru, ƙirar farkon shekarun 1990, har 2017. Duk wanda ya ce mini riƙe tsohon samfuri dabarar tsimi ce, wannan gwaji nake tuna masa.

Yanzu Ivan Espinosa ne a kan kujera, ɗan Meziko, injiniya, wanda ya hau ranar 1 ga Afrilu 2025 yana da shekara 46. A watan Mayu ya fito da shirinsa mai suna Re:Nissan: ma'aikata 20,000 za su tafi, wato kusan kashi 15 cikin 100, masana'antun haɗa motoci za su ragu daga 17 zuwa 10, a rage kashe kuɗi da yen biliyan 500. An fasa gina masana'antar batir a Kitakyushu. An bar wa Renault masana'antar Chennai ta Indiya. A 2025 aka sanar da rufe Civac ta Meziko, wadda ita ce ta farko da Nissan ya gina a wajen Japan a 1966. Oppama ta Japan, wadda aka buɗe a 1961 kuma a cikinta aka fara ƙera Leaf, za ta daina aiki zuwa Maris 2028, da ma'aikata kimanin 2,400. Hatta hedkwatar Yokohama an sayar da ita a kan yen biliyan 97, kamfanin ya koma ɗan haya a gidansa.

Ban ce kada a yi yankan ba. Masana'antar da aka gina don motoci miliyan biyar ba za ta rayu da cinikin miliyan uku ba, wannan ko ɗan koyo ya sani. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne wanda ke biyan kuɗin kuskuren. Mai ɗaura ƙofa a Oppama ba shi ya hana a kai e-Power Amurka ba. Mai fenti a Civac ba shi ya ƙirƙiro Power 88 ba. Su za su tafi gida, ko a ce su tattara iyali su koma masana'antar Kyushu a kudancin Japan, alhali Uchida da manyan jami'ai uku da suka sauka tare da shi sun tashi da yen miliyan 646 na sallama. Masu hannun jari sun yi ta ɗaga murya a kan wannan a taronsu na Yunin 2025, kuma suna da gaskiya. Bayan ma'aikatan kamfanin akwai na masu kawo masa kaya. Marelli, wanda wani ɓangarensa tsohon reshen Nissan ne, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a Amurka a watan Yunin 2025.

Cikin shirin kuma akwai abin da ya ba ni tsoro fiye da rufe masana'antu: an dakatar da aikin wasu motocin da za su fito bayan shekarar kuɗi ta 2026, aka kwashe ma'aikata 3,000 daga can aka sa su neman inda za a rage kashe kuɗi. Kamfanin ya ce na ɗan lokaci ne, ya kuma yi alkawarin rage lokacin ƙirƙiro sabuwar mota zuwa wata 37. To amma cutar da ta kwantar da shi ke nan tun farko, a ɗauki kuɗin gobe a toshe ramin yau. Kamfanonin Sin kuwa cikin shekara biyu ko ƙasa da haka suke fito da sabon samfuri.

Shi ya sa har yanzu nake ganin watsewar maganar Honda ita ce babbar asarar da Nissan ya yi a 'yan shekarun nan. Ranar 23 ga Disamba 2024 kamfanonin biyu suka sa hannu za su tattauna haɗewa, abin da zai sa su zama na uku a duniya. Ranar 13 ga Fabrairu 2025 magana ta mutu. Honda, wanda darajarsa a kasuwar hannun jari ta ninka ta Nissan wajen sau huɗu ko fiye, ya ga Nissan na jan ƙafa wajen gyara, sai shugabansa Toshihiro Mibe ya ce to Nissan ya zama reshe a ƙarƙashinsa. Manyan Nissan suka ji an taɓa musu mutunci, suka tashi daga tebur. Girman kai rawanin tsiya. Bayan wata uku suka sanar da asarar biliyan 670.9, kamfanonin auna ƙarfin biyan bashi kuma suka jefa takardun bashinsu cikin sahun masu haɗari. Da suka fita neman rance a Yulin 2025, sai da suka yarda da ruwan da ya haura kashi 7 cikin 100.

Akwai masu ganin na yi gaggawar yanke hukunci, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa Nissan yana da tsabar kuɗi sama da yen tiriliyan 2 a hannu, ba gobe zai durƙushe ba. Suna cewa gwamnatin Japan ba za ta zuba ido ya mutu ba, kamar yadda bankinta na raya ƙasa ya ba shi rancen yen biliyan 180 a 2020 lokacin annobar korona. Suna cewa Honda da Nissan kasuwa ɗaya suke ci, Amurka da Sin da Japan, motoci iri ɗaya suke ƙerawa, don haka haɗewarsu ma da sallamar jama'a za ta ƙare, kuma Honda kansa yana shan kashi a Sin. Sun kuma nuna sababbin motocin da suka fara fitowa: Kicks, Patrol da 'yar uwarta Armada, Murano, Sentra, Leaf ta uku, da N7 mai lantarki wadda aka fito da ita a Sin a Afrilun 2025 a kan yuan 119,900 ta kuma samu karɓuwa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina murna da shi. Harajin da Shugaba Trump ya ɗora wa motocin waje a 2025 ma ba laifin Nissan ba ne, ko da yake ya same shi a mummunan wuri, tunda motocinsa masu araha irin su Sentra da Kicks daga Meziko suke shiga Amurka.

Amma a dubi sababbin motocin da kyau a ga hannun wa ke ciki. Sabuwar Micra ta Turai Renault 5 ce aka sauya wa fuska, kuma Renault ke ƙera ta a Douai ta Faransa. Rogue mai caji da aka kai Amurka don toshe gurbi Outlander ce ta Mitsubishi da tambarin Nissan. Sabuwar Navara ta Ostareliya a kan Triton ta Mitsubishi aka gina ta. N7 kuwa a Sin aka zana ta tare da Dongfeng, abokin haɗin gwiwarsa a can, da batir da manhajar kamfanonin Sin, kuma dalilin arharta da saurin fitowarta ke nan. Wato 'yancin da aka tashi daga teburin Honda don karewa, a aikace an riga an rarraba shi gida-gida. Bambancin kawai shi ne, waɗannan abokan aro suke bayarwa, babu wanda ya ɗauki nauyin bashin Nissan ko ya zuba masa jarin da zai gina motocin shekara goma masu zuwa. Gwamnati kuma tana iya hana kamfani mutuwa, amma ba ta iya sa magidancin nan ya fasa tsallaka titi zuwa Toyota.

Tarihin sana'ar ya nuna hanyoyin biyu. Saab na Suwidin ya riƙe samfurin 9-5 daga 1997 har wajen 2010, aka sayar da shi ga ɗan ƙaramin kamfanin da ba shi da ƙarfin ɗaukarsa, sabuwar motar ta iso a makare, ya ruguje a Disamban 2011. Volvo, ɗan ƙasarsu, a 2010 ya shiga hannun Geely na Sin, mutane suna ta cewa an sayar da mutunci. Geely ya zuba kuɗi, ya bar injiniyoyin Gothenburg suka yi aikinsu, suka sabunta motocin kakaf. Daga motoci kimanin 373,000 a 2010, Volvo ya sayar da sama da 760,000 a 2024. Zama ƙarƙashin wani bai kashe Volvo ba, rashin mai ɗaukar nauyi ne ya kashe Saab.

Nissan har yanzu yana da abin da wasu ke kwaɗayi. Yana da manyan masana'antu biyu a cikin Amurka, Smyrna da Canton, waɗanda harajin Trump ya ƙara wa daraja, kuma ba sa aiki da cikakken ƙarfinsu. Shi ke kan gaba a kasuwar Meziko shekara da shekaru. Yana da Patrol, wadda Larabawan Tekun Fasha ba sa haɗa ta da komai sai Land Cruiser. Yana da gwanintar a-kori-kura da manyan motoci masu shasi, abin da Honda ba shi da shi. Foxconn, kamfanin haɗa kayan lantarki na Taiwan, wanda Jun Seki ɗin nan ke jagorantar harkar motocin lantarkinsa, ya fito fili ya ce yana son aiki da shi. Waɗannan su ne jarin cinikinsa, kuma kowane wata raguwa suke yi: an sayar da hedkwata, an saki Chennai, ƙwararrun injiniyoyi kuma ba sa jiran a sallame su kafin su nemi wani wuri.

Espinosa ya ɗora alkawarinsa a kan shekarar kuɗi ta 2026, cewa a nan ne harkar motoci za ta koma riba, kuma babban abin dogaronsa sabuwar Rogue ce mai e-Power da za a kai Amurka. Ina fatan ta yi kasuwa, domin bakin mutum dubbai yana kanta. Amma za ta iso ne ta tarar da RAV4, wadda Toyota ya riga ya mayar da ita fetur-da-batir gaba ɗaya, da CR-V, da motocin Hyundai da Kia, kowace da masu sayenta da suka saba da ita. In ya jira sai ya ga yadda za ta kaya kafin ya nemi mai ɗaukar nauyi, kuma ta zo ba ta yi abin da ake so ba, to ba reshe za a yi masa tayi ba, masana'antun za a zaɓa ɗaya-ɗaya a bar masa bashin. Ya koma wajen Honda yanzu, ya karɓi matsayin da aka ƙi a watan Fabrairun 2025, ya yi cinikinsa a kan abu biyu: yawan ma'aikatan da za a bari a bakin aiki, da kuɗin da za a ware a rubuce don sababbin motoci.